Oldham: kujera biyu a mazaɓa ɗaya, ko kujera ɗai-ɗai a mazaɓa biyu?

Daga 1832 har 1950, garin Oldham na Ingila, cibiyar masaƙun auduga kusa da Manchester, wakilai biyu yake aikawa majalisar dokoki a matsayin mazaɓa ɗaya. Kowane mai zaɓe ƙuri'a biyu gare shi: ya ba jam'iyya ɗaya duka, ya raba, ko ya jefa guda ya bar ɗayar. Haka Winston Churchill (wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya), da ya sha kaye a zaɓen cike gurbi na 1899, ya shiga majalisa a 1900 a jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, abokin kujerarsa kuwa Alfred Emmott na jam'iyyar Liberal. Gari ɗaya, baki biyu.

A 1950 aka raba garin gida biyu, Oldham ta Gabas da ta Yamma, kowace da wakili guda. Nan ma'aikacin masaƙa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ba mai tura shi wajen wani.

Ni dai tsohon tsarin ya fi kwanta min a rai, domin ɓangaren da bai yi rinjaye ba kan iya samun mai magana da yawunsa, ko da yake a 1945 jam'iyyar Leba ta kwashe kujerun biyu.