Tom da Jerry ɗin da na turo wa yara: aiki ya yi kyau, amma ɓera ne gwarzo

Filashi na kai wa mai turin unguwarmu, na ce ya zuba min katun wanda ba surutu da yawa, tunda yaran ba su fara jin Turanci ba. Bai yi wata-wata ba ya cika min shi da Tom and Jerry, tsofaffin nan na asali da William Hanna da Joseph Barbera suka yi wa kamfanin MGM daga 1940 zuwa 1958. Guda 114 ne a lissafi, amma abin da ya zuba min bai cika ba, wasu sun maimaitu, wasu kuma hoton ya yi dishi-dishi. Wannan ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne, kuɗin turin bai taka kara ya karya ba.

Ta fuskar gwaninta dai ba ni da ta cewa. Kowane guda minti bakwai ne ko kusa da haka, kusan babu magana, kiɗan Scott Bradley ne ke bin kowane motsi, har saɗaɗawar Tom a kan yatsun ƙafa tana da nata sautin. Akwai wanda Tom ke kaɗa fiyano a gaban jama'a, Jerry kuma yana kwance cikin fiyanon ana damun barcinsa, The Cat Concerto na 1947. Da hannu aka zana shi, amma za ka rantse yatsun muzurun nan ne ke fitar da kiɗan. Ba a banza suka kwashi kyautar Oscar har bakwai ba. In NEPA ta kawo wuta aka kunna, falo yakan yi tsit sai ƙyalƙyalar dariya, uwarsu ta samu ta ƙarasa girki.

Da na fara zama ina kallo tare da su ne abin ya soma yi min wani iri. Wai me Tom ya yi? Muzuru ne a gida, an ajiye shi don ya hana ɓera ɓarna. Jerry kuwa shi ke fitowa daga rami ya buɗe firij, ya kwashi cuku, ya sha madarar da aka zuba wa Tom. In Tom ya ƙyale shi, matar gidan ta zo da tsintsiya ta ce ba ya aikinsa. In ya bi shi, a ƙarshe shi ke shan kasko a fuska, ko a jefo shi waje cikin sanyi, ɓera kuma ya koma rami da ganima yana ɗaga wa mai kallo hannu. Ba kullum ba ne, akwai inda Tom ne ya fara tsokana, akwai ma 'yan wuraren da ya yi nasara. Amma yaro ba lissafi yake yi ba. Abin da ke zauna masa shi ne ƙarami mai fara'a shi ne da gaskiya ko da shi ya yi satar, mai gadi kuwa abin dariya ne.

Wanda ya fi tsaya min shi ne The Two Mouseketeers na 1952, shi ma ya ci Oscar. An sa Tom gadin teburin liyafa a fadar sarkin Faransa, aka ce in abinci ya taɓu za a fille masa kai. Jerry da wani ɗan ƙaramin ɓera suka shigo suka yi kaca-kaca da teburin. A ƙarshe sai ga su suna tafiya da guntun abinci a hannu, daga nesa aka nuna wuƙar fille kai ta faɗo. Ƙaramin ya ɗan yi jimami na daƙiƙa biyu, ya ɗaga kafaɗa, suka ci gaba da tafiyarsu. Babbar 'yata ta juyo ta ce, "Abba, ai shi bai ci komai ba." Na ce haka ne, Ummi. Ƙaninta kuwa dariya yake har da buga ƙafa, kuma shi ne wanda a 'yan kwanakin nan ya koyi ɗaukar abu a kicin ya ruga yana waiwaye yana murmushi, yana jiran a biyo shi.

Za a ce ai mu ma da Gizo muka tashi, shi ma maƙaryaci ne, maci amana. Gaskiya ne. Sai dai tatsuniya da mai ba da ita take zuwa, kaka tana nan zaune, in Gizo ya yi ha'inci za ta ja tsaki ko ta sa a ga yadda asirinsa ya tonu. Talabijin ba ya jan tsaki.

Sai Blue Cat Blues na 1956, wanda ban ga dalilin da zai sa ya shiga filashin yara ba. Tom ya kamu da son wata farar kyanwa, wani muzuru mai kuɗi ya ƙwace ta. Ya kawo zobe, wancan ya kawo wanda ya ninka shi. Ya ci bashi ya sayi akwalar mota, wancan ya zo da doguwa ya bi ta kanta. Daga nan Tom ya zauna yana ɗirkar madara kamar mashayi, ƙarshe ya je ya zauna a kan layin dogo. Jerry ma ya ga tasa budurwar ta auri wani, ya zo ya zauna kusa da shi, ana jin kukan jirgi yana tahowa, aka rufe. Wato mace ta mai kuɗi ce, wanda aka ƙi kuma ga hanyar da zai bi.

Dalilin duk wannan a fili yake: ba don yara aka yi su ba tun farko. A gidajen silima na Amurka ake haska su kafin babban fim, manya ne cike da kujerun, daga baya talabijin ya gaje su ya miƙa wa yara. Su ma can sun yi ta gyare-gyare. A 2006 wani mai kallo a Birtaniya ya kai ƙorafi ga Ofcom, hukumar da ke sa ido kan gidajen talabijin na ƙasar, kan shan taba a guda biyu daga cikinsu, Texas Tom da Tennis Chumps, tashar Boomerang ta amince ta yanke wuraren da ke ƙawata sigari. Baƙar matar nan mai tsintsiya da ba a cika nuna fuskarta ba, ita ma an daɗe ana sukar yadda aka zana ta don raina baƙar fata. Na mai turi kuwa ɗanye ne, ba wanda ya tace, da tabar da komai.

Ban goge filashin duka ba. Na ɗora shi a kwamfuta na cire na layin dogon, da na fille kan, da na sigarin, na bar irin su na fiyano da waɗanda Tom da Jerry ke haɗa kai su kori wani baƙo. Duk mai niyyar turowa ya ware yamma guda ya bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ya miƙa wa yara, domin sunayen fayilolin lambobi ne kawai, ba za ka gane wanne ne wanne ba sai ka buɗe.