Kalshi da Cinikin Hasashen Wanda Zai Ci Wasa

Kalshi kamfani ne na Amurka wanda Tarek Mansour da Luana Lopes Lara suka kafa a 2018, kuma a 2020 hukumar CFTC mai sa ido kan cinikin kwantiragi ta ba shi lasisi. A farkon 2025 ne ya buɗe kasuwar wasanni, inda mutum ke sayen amsar "e" ko "a'a" kan tambaya guda: shin wannan ƙungiya za ta yi nasara?

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ana sayar da kowane kwantiragi, wato amsar "e" ko "a'a" guda ɗaya, tsakanin senti 1 zuwa 99, kuma idan hasashen mai saye ya tabbata za a biya shi dala ɗaya, idan ya kuskure ya tashi a tutar babu. Wanda ya sayi guda 100 a kan senti 40 ya zuba dala 40 ke nan, yana fatan karɓar dala 100. Abin da ya fi burge ni shi ne kamfanin ba ya yanke farashi kamar yadda gidajen caca suka saba. Masu saye da masu sayarwa ne ke tayi a tsakaninsu, kuma manhajar kamfanin tana nuna tayin kowane ɓangare a fili.

Inda tsarin ya sha bamban ƙwarai shi ne damar sayar da kwantiragi tun wasa bai ƙare ba. A ɗauki Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, na ranar 9 ga Fabrairun 2025 a New Orleans, wanda Philadelphia Eagles ta lallasa Kansas City Chiefs da ci 40 da 22. Chiefs ta shiga fili tana neman kofi na uku a jere, amma kafin a tafi hutun rabin lokaci an riga an zura mata 24 ba ko ɗaya. Mai riƙe da kwantiraginta yana iya sayarwa a lokacin ya tsira da ɗan abin da ya rage, sai dai fa farashi kan faɗi cikin daƙiƙoƙi, kuma hoton talabijin yakan zo a makare, don haka wanda ke zaune a falo sau da yawa sai ya tarar an riga shi.

Akwai kuma kuɗin ciniki da kamfanin ke caja, wanda ya fi nauyi idan farashi yana kusa da senti 50, wato a wasannin da suka fi jan hankali. Mai yawan shiga da fita zai ga ribarsa tana zurarewa a hankali.

Kamfanin ya dage cewa wannan kasuwa ce, ba caca ba. Hukumomin jihohin Nevada da New Jersey ba su yarda ba, har suka umarce shi ya dakata a watan Maris na 2025, lamarin da ya kai su kotu. A ganina jihohin sun fi kusa da gaskiya, domin manomin da ya ƙulla cinikin masararsa tun kafin girbi yana kare dukiyar da yake da ita ne, shi kuwa mai sayen nasarar Eagles ba shi da abin da yake karewa. Ta fuskar tsari da bayyana farashi na yaba wa manhajar, amma wanda addininsa ya hana shi caca ba zai sami mafita a cikinta ba don kawai an kira tikitin kwantiragi.