Tukwanen Tafiya Marasa Nauyi: Abin da Suka Iya da Abin da Ba Su Iya Ba a Hanyoyin Adar

Kayan girkin da zan yi magana a kansu wani jerin tukwane ne na sanholo da ake saka ɗaya cikin ɗaya, irin waɗanda aka ƙera domin masu tafiyar ƙasa da masu kwana a daji. Na saye su a Yamai a kan jika 15, a wurin wani mai sayar da tantuna da jakunkunan goyo, kuma su nake ɗauka duk sa'ad da aiki ya kai ni ƙauyukan da ke tsakanin Tahoua da Keita da Bouza, inda sau da yawa mota take tsayawa a bakin ƙorama, mutum ya ƙarasa sauran hanyar a ƙasa da kayansa a baya. A cikin jerin akwai babbar tukunya mai cin lita ɗaya da rabi, da ƙarama wadda ba ta kai lita ɗaya ba, da murfi mai ɗan zurfi wanda yake zama kaskon suya, da ƴar butar dafa ruwa, duka a cikin jakar raga. Babu sunan wani kamfani a jikinsu, in ban da rubutun da ya nuna cewa a ƙasar Sin aka ƙera su. Da na ɗora su gaba ɗaya a kan sikeli, nauyinsu bai wuce giram 700 ba, wato ko nauyin lita ɗaya ta ruwa bai kai ba.

A kan maganar nauyi ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Tukunyar zubi ta gida tana da kauri da kunnuwa da zagayayyen gindi, ba ta zama lafiya a cikin jaka, kuma tun kafin a hau dutse na farko mutum yake jin ta a ƙashin bayansa. Waɗannan kuwa suna shigewa cikin juna su zama dunƙule ɗaya, har da sauran wuri a cikin ƙaramar, inda nake cusa ashana da gishiri da yaji da ƙullin ganyen shayi.

Akwai dalilin da ya sa na zaɓi sanholo alhali mai kantin ya fi yabon wata tukunya mai tsada da ke rataye a bayansa, ta wani ƙarfe da ake kira titaniyom. Idan aka yanki gutsure uku masu girma ɗaya, inda na sanholo ya auna giram 2.7, na titaniyom zai auna 4.5, na ƙarfe marar tsatsa kuwa kusan 8. Abin da ya sa tukunyar titaniyom take fin sauran rashin nauyi shi ne ƙarfinsa, domin ana iya daddaƙe shi ya yi siriri ƙwarai ba tare da ya lotsa ba. Sai dai sanholo ya fi shi watsa zafi da kimanin ninki goma, kuma a nan ne bambancin yake fitowa a wurin girki. A tukunyar titaniyom zafi yana taruwa daidai inda harshen wuta ya taɓa, sai shinkafa ta ƙone a tsakiya alhali ta gefe ba ta nuna ba. Irin wannan tukunya an yi ta ne domin matafiyin Turai ko na Amurka wanda girkinsa duka bai wuce ya tafasa ruwa ya zuba a kan busasshen abincin leda ba. Mu kuwa abincinmu dafawa yake so, a juya, a jira, a rage wuta, don haka ban ga dalilin da zai sa mutum ya biya kuɗi masu yawa domin ya rage giram ɗari ko biyu daga jakar da ke ɗauke da lita huɗu ta ruwa ba.

Launin tukwanen toka-toka ne mai duhu, kuma ba fenti ba ne. Ana bi da sanholon ta wani aikin lantarki wanda yake ƙara kauri da taurin fatar da ƙarfen yake yi wa kansa, abin da ke sa ya jure ƙarzuwa, ya kuma rage cin da abinci mai tsami yake yi masa. Na sha yin miyar tumatirin gwangwani da albasar Galmi a cikin babbar, na bar ta a ciki har ta huce, ban ji ɗanɗanon ƙarfe ba, cikin tukunyar ma bai canza launi ba. Shinkafa dafa-duka ta mutum biyu tana fita lafiya muddin an rage wuta bayan ta tsotse ruwa, haka taliya da makaroni, haka kunu da miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa. Ruwa yana tafasa da sauri, musamman idan an rufe, domin tukunyar tana da faɗi ba tsawo ba, kuma gindi mai faɗi ya fi tare wuta.

Inda suka gaza shi ne tuwo. A wani ƙauye da ke kusa da Keita, matar mai masaukina, wata dattijuwa, ta ɗauki babbar tukunyar ta jujjuya ta a hannu, ta ƙwanƙwasa gindinta da farce, ta lanƙwasa mariƙin ta sake miƙe shi, sannan ta miƙo mini tana cewa, “Ɗana, wannan ta kunu ce, ba ta tuƙi ba.” Gaskiyar Inna ce. Talge yana yi lafiya, amma da zarar an zuba gari abin ya fara kauri, tukunyar ba ta da nauyin da za ta tsaya wa muciya, sai ta riƙa juyawa tare da tuwon a kan murhu. Gindinta shimfiɗaɗɗe ne, yana da lungu a kewaye wanda kan muciya ba ya shiga, a nan gari yake maƙalewa ya zama gudaji. Siririn sanholo kuma ba ya riƙe zafi, saboda haka tuwon ba ya samun sulalar da yake yi a tukunya mai kauri bayan an janye itace, ƙanzon ma ƙonewa yake yi maimakon ya yi ja. Wanda ba ya iya kwana ba tare da tuwo ba, gara ya haƙura da nauyi ya ɗauki ƙaramar tukunyar zubi.

Mariƙin shi ne abin da ya fi ɓata mini rai a cikin jerin duka. Waya ce guda biyu da ake lanƙwasawa a jikin tukunyar, an lulluɓe su da roba domin kada su ƙona hannu. A kan risho na gas, inda wuta take zaune a ƙarƙashin gindi kaɗai, wannan dabara ce mai kyau. A kan itace ko kara kuwa wuta tana lasar gefen tukunya, robar ta yi laushi, ta fara ɗiga, ta bar wari a hannu. Yanzu na kankare sauran robar gaba ɗaya, da tsumma nake ɗauka. Da a ce maƙeran sun sa mata mariƙin baka irin na bokiti, wanda ake iya rataya shi a sanda a kan wuta, da tukunyar ta fi dacewa da ƙasarmu nesa ba kusa ba.

Wannan ya kawo ni ga makamashi, wanda a ganina ya fi nauyin tukunya muhimmanci, ko da yake masu saye ba su cika tambaya a kansa ba. Ƙananan gwangwanayen gas da ake ɗaura wa ɗan risho a kai sukan zo da giram 100 ko 230 ko 450, kuma mai giram 230 yana tafasa kimanin lita 15 ta ruwa idan babu iska. Bakinsu ba iri ɗaya ba ne: mafi yawa murɗawa ake yi, amma na kamfanin Campingaz nasu bakin daban ne, don haka dole a gwada risho da gwangwani a gaban mai kanti kafin a biya. A jikinsu an rubuta cewa kada su shiga zafin da ya wuce digiri 50, mu kuwa a Tahoua a watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura 40 a inuwa, balle a cikin motar da aka rufe a rana. Ba a shiga jirgin sama da su, kuma ban taɓa dogara da samunsu a kasuwar ƙauye ba. Tukunyar gas mai kilo 6 da aka saba da ita a gidaje ta mai mota ce, ba ta mai goyo ba. Saboda haka abin da matafiyi zai yi girki da shi a gaskiya gawayi ne da itace da kara, kuma da su ya kamata a gwada kowace tukunya.

Wake shi ne babban mai cin wuta, domin yakan ɗauki kusan awa guda kafin ya yi laushi. A gida kanwa ce take rage wannan lokaci, amma kanwa tana cin sanholo, har da wannan fata mai tauri da na ambata, don haka ba na sa ta a waɗannan tukwane. Abin da nake yi shi ne in jiƙa waken a cikin gorar roba mai faɗin baki tun da safe, ya yi ta sha ana tafiya, da yamma in tafasa shi sosai, in sauke tukunyar a rufe in naɗe ta cikin bargo na ɗan lokaci, sannan in mayar da ita wuta in zuba shinkafa. Da wannan dabara ɗan gawayin da ke cikin leda ɗaya yana isa girkin dare har da shayi.

Jerin bai zo da makarin iska ba, kuma wannan babban giɓi ne ga duk wanda zai yi tafiya tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da iskar hunturu take kwashe zafi daga gindin siririyar tukunya kafin ya kai ga ruwa. Kamfanin Trangia na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 1925, ya shahara ne a kan maganin wannan matsala, domin tukwanensa suna zama ne a cikin makarin da ya kewaye wutar, samfurin 27 na mutum ɗaya ko biyu, samfurin 25 na uku ko huɗu. Alkol na ƙonawa rishon wannan kamfani yake amfani da shi, wanda zafin da yake bayarwa bai wuce kimanin kashi 60 cikin 100 na gas mai nauyi ɗaya da shi ba, kuma da rana harshen wutarsa ba ya ganuwa sosai, abin da ke buƙatar kula. Ga wanda ya sayi irin nawa, ɗan rami a ƙasa da duwatsu uku da jaka a jingine ta wajen da iska take fitowa sun wadatar. Abin da bai kamata a yi ba shi ne a kewaye rishon da ke zaune a kan gwangwanin gas da kwano ta kowane ɓangare, domin zafi yana komawa kan gwangwanin. Haka kuma ba a kai gawayi ko risho cikin tanti komai sanyi, saboda iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa a cikin barci. Wanda ya nufi wajen Abalak ko Tchintabaraden bayan damina kuwa, lokacin da ciyawa ta bushe, ya share wurin murhunsa, ya binne garwashinsa da ƙasa kafin ya tashi, domin wannan ciyawa ita ce abincin dabbobin makiyaya har faɗuwar ruwa.

Ƴar butar ba ta shayinmu ba ce. Bakinta gajere ne mai faɗi, ba ya zubo da shayi siriri daga sama yadda zai tayar da kumfa a finjali, don haka har yanzu ina ɗaukar butar shayi ta gida da ɗan mangal na waya. Amfaninta a wurina shi ne dafa ruwan sha idan na tafki ko na buɗaɗɗiyar rijiya aka samu: a tace shi da tsumma mai tsabta, a bar shi ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, a huce.

Wanki ma yana da nasa sharaɗi. Mun saba da dirje tukunya da yashi da toka, kuma wajen waɗannan tukwane yana jure hakan, amma cikinsu ba ya so. Kaskon suyar ya zo da baƙin shafin nan da ke hana abinci kamawa, wanda yake fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260, zafin da kasko marar komai yake kaiwa nan da nan a kan garwashi. Nawa ya fara ɓarewa daga tsakiya, yanzu murfi kawai yake yi mini. Tukwanen biyu da ba su da wannan shafi suna nan garau, in ban da ƴar lotsawa a gefen ƙaramar. Idan aka shafa sabulu a bayan tukunya kafin a ɗora ta a kan itace, baƙin hayaƙi yana fita da ruwa kaɗan, jakar goyo kuma ba ta ɓaci.

Duk wanda zai saya, ya buɗe jerin a gaban mai kanti ya duba kusoshin da suka riƙe mariƙi, ya girgiza su ya ji ko suna motsi, domin ta nan ne yoyo yake farawa. Ya danna gindin tukunyar da babban yatsa, idan ya lotsa ya dawo da ƙara to ya yi siriri da yawa. Ya kifa murfin ya ga ko ya zauna daram, ya kuma nemi wanda cikinsa ba shi da baƙin shafi. Ga mutum ɗaya lita ɗaya ta isa, ga biyu ɗaya da rabi, amma daga uku zuwa sama a nemi mai cin lita biyu ko fiye, domin shinkafa tana kumbura kuma tukunyar da aka cika har baki ba ta juyuwa.