Allurar da ka ce in aiko wa Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya mai jiki? Allah ya ƙara masa sauƙi. Na saurari saƙonka har sau uku bayan na taso daga aikin dare. Ka ce ranar da zuciyar Baba ta rikice an yi masa wata allura ta jijiya ya samu sa'ida, don haka kana so in sayo irinta a nan Ingila in ba mai tahowa, a ajiye a gida saboda tsaro. Yaya ka yi haƙuri, wannan karon ba zan iya ba. Ka san ban saba yi maka musu ba, shi ya sa na zauna na rubuta maka dalilina dalla-dalla, kada ka ɗauka ƙyuya ce ko rowa.

Da farko ma ko na so ba mai sayar mini. A nan irin waɗannan allurai ba a kan kantar masu sayar da magani suke ba, a kabad ɗin asibiti suke a kulle, ni da nake aiki a sashen masu ciwon zuciya ma sai likita ya rubuta, sannan mu biyu mu duba suna da adadi kafin a fasa kwalba. Sannan kada ka zaci ta Turai ta fi ƙarfi. Sinadarin guda ne. Abin da na ga ya bambanta a nan shi ne kayan da ke kewaye da kwalbar: allon da ke nuna bugun zuciya daƙiƙa bayan daƙiƙa, injin da ke ƙirga ɗigon ƙarin ruwa, na'urar shokin a gefen gado, da mutumin da aikinsa kawai ya zuba ido. Waɗannan ba sa shiga jakar matafiyi.

Bari in faɗa maka me allurar take yi, don yawancinmu muna zaton ƙarfi take ƙara wa zuciya. Ba haka ba ne. Zuciya ɗaki huɗu ce, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma da lantarki take aiki. A saman ɗakin dama akwai wani ɗan ƙulli da ke kunna wutar kowane bugu, sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. Wutar ta bazu a ɗakunan sama su matse, sai ta iso wata ƙofa guda ɗaya tilo da ke tsakanin sama da ƙasa. Wani likita ɗan Japan mai suna Tawara ne ya bayyana ta a 1906 lokacin yana aiki a Jamus. A ƙofar nan ake ɗan tsare wutar, kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, don ɗakunan ƙasa su cika da jini kafin su tura shi.

Ita wutar kuwa ba komai ba ce illa shige da ficen gishirin jiki. Kowace ƙwayar tsokar zuciya tana da ƙananan kafofi. Sodiyam ya afka ciki, wuta ta kama. Kalshiyam ya biyo baya, tsoka ta matse. Fotasiyam ya fice, ƙwayar ta huce ta koma shiri. Kafin ta gama hucewa kurma ce, ko an kira ta ba ta amsawa. Yawancin magungunan daidaita bugu da ka taɓa ji, aikinsu su je su tsaya a bakin ɗaya daga cikin kafofin nan, su rage gudun wutar ko su tsawaita kurumtar. A kan haka wani malami a Okusfod, Vaughan Williams, ya kasa su gida-gida a 1970, kuma har yau da rabonsa ake koyar da mu.

Wadda ta fi ba ni tsoro ranar da na fara ganinta ita ce adenosin. Akwai wani rikicin bugu da wutar ke samun hanya biyu a wajen ƙofar tsakiyar nan, ta sauka ta ɗaya ta hau ta ɗayar, ta yi ta kewayawa kamar majaujawa. Sai ka ga mutum yana zaune lafiya zuciyarsa ta haura 180 a minti. Kafin mu taɓa allura muna ba shi sirinji ya busa da ƙarfi na daƙiƙa 15, sai a kwantar da shi nan take a ɗaga ƙafafunsa. An gwada wannan dabara a asibitocin Ingila aka fitar da sakamako a 2015: mutum 43 cikin 100 bugunsu ya daidaita, alhali da tsohuwar hanyar busawa kawai 17 ne. Idan ta ƙi, sai adenosin.

'Yar kwalba ce, miligiram 6 a cikin mililita 2. Sai an nemi babbar jijiya a gwiwar hannu, a tura ta da gudu a bi ta da ruwan gishiri nan take, saboda jajayen ƙwayoyin jini da bangon jijiya suna lanƙwame ta, rabinta ya ɓace cikin ƙasa da daƙiƙa 10. In aka yi sanyin hannu ba ta ko isa zuciyar. In ta isa, sai ta buɗe kafar fotasiyam a ƙofar tsakiya, ƙofar ta rufe ruf. A allo za ka ga layin ya miƙe sambal, babu bugu, na 'yan daƙiƙu. Yaya, ranar farko ƙafafuna sai da suka yi sanyi. Majinyacin kuma fuskarsa ta yi zafi, ƙirjinsa ya ɗaure, da yawa suna cewa ji suka yi kamar ran zai fita, shi ya sa dole mu gaya musu tun kafin a tura. Cikin wannan shirun majaujawar ta tsinke, ƙullin sama ya karɓi ragamarsa, sai ka ga 85 ta fito a allo, mutum ya sauke ajiyar zuciya. In miligiram 6 ba ta yi ba, sai a ba da 12.

To ka gani, magani ne da ke tsayar da zuciya da gangan. Ba a ba mai asma, don tana iya shaƙe shi. Wanda ya sha kofi da yawa tana iya ƙin kama shi, domin sinadarin kafeyin da ke cikin kofi yana zama a mazauninta. Mafi muni, akwai masu wata ɓarauniyar hanyar wuta da aka haife su da ita, idan ɗakunan samansu suna karkarwa aka rufe ƙofar gaskiya, sai wutar duka ta kwarara ta ɓarauniyar hanyar, zuciya ta tsaya gaba ɗaya. Da hannu a kan jijiya ba ka bambance wannan da wancan, duka gudu za ka ji. Takardar isiji, wato zanen wutar zuciya da na'ura ke fitarwa, ita ce kaɗai ke faɗa.

Amma tunda ka ce ta Baba a cikin ƙarin ruwa aka sa ta kusan awa guda tana shiga, zatona amiyodaron ce. Ita kishiyar adenosin ce a komai. Waccan ta shigo ta fita kafin ka ƙifta ido, wannan kuwa in ta shiga jiki ta samu wurin zama. A Beljiyam aka haɗa ta a 1961 don ciwon ƙirji, daga baya aka lura tana kwantar da rikicin bugu, wani likita a Ajantina, Mauricio Rosenbaum, yana cikin waɗanda suka yaɗa amfani da ita a haka. A littafi an sa ta a gidan masu tare fotasiyam, wato masu tsawaita kurumtar ƙwaya, ta yadda wutar da ke kewaye za ta dawo ta tarar ba mai amsa mata, ta mutu. Amma a zahiri ba kafar da ba ta taɓawa: tana tare sodiyam, tana tare kalshiyam, tana kuma toshe kunnen zuciya daga sinadarin firgici, adirenalin. In ta jijiya aka ba da ita, a awannin farko rage gudu a ƙofar tsakiya ne ya fi bayyana, tsawaita kurumtar sai daga baya. Shi ya sa sau da yawa za ka ga bugun ya sauko daga 150 zuwa 100 amma bai daidaita ba sai bayan awanni, dangi suna ta tambaya ko maganin bai karɓe shi ba.

A nan muna ba da miligiram 300 cikin minti 20 zuwa awa ɗaya, sannan 900 a cikin awa 24. Da ruwan gulukos ake haɗa ta, ba da ruwan gishiri ba. Tana ƙona ƙananan jijiyoyi, hannu ya kumbura ya yi ja, don haka in za ta daɗe sai an sa bututu a babbar jijiyar wuya ko ƙirji. In aka sake ta da gudu awon jini ya faɗi warwas, kuma laifin ba nata ba ne ita kaɗai, har da sinadaran da ake narkar da ita a ciki. Wuri ɗaya ne ake tura 300 ɗin gaba ɗaya, wato idan zuciya ta riga ta tsaya an yi shokin sau uku ba ta dawo ba. Don irin wannan ma'aikatan motar asibiti a nan suna yawo da ita a sirinjin da aka cika tun daga kamfani, ba fasa kwalba ba aune-aune. Wannan kam ya burge ni.

Wani abu da nake so ka riƙe: fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ayodin ne, kuma tana narkewa cikin kitse. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayarta, ko ya daina sai an yi kusan wata biyu kafin rabinta ya bar jikinsa. Tana iya taɓa ƙullin maƙogwaro, wanda in ya kumbura muke kira maƙoƙo, ta sa ya yi aiki fiye da kima ko ya yi sanyi. Tana iya taɓa huhu da hanta. Tana ƙara wa warfarin, maganin tsinka jini, da digozin, wani maganin zuciya, ƙarfi a jini. Idan an sallamo Baba da ƙwayarta, lallai a riƙa gwajin jini.

Ko su Turawan ba bakinsu ɗaya ba. Akwai wata abokiyar aikina da ta yi shekaru a Amurka, kullum muna gardama a ɗakin hutu. Su can diltiyazem ta jijiya ce abin hannunsu in ɗakunan sama suna karkarwa, mu nan ba ma ko ajiye ta, sai metofurolol ko digozin ko amiyodaron. Mu muna da filekenayid ta jijiya, su ba su da ita. Akwai wata, banakalant, da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2010, hukumar magunguna ta Amurka kuwa ba ta ba ta izini ba. Amiyodaron ɗin ma su 150 suke fara bayarwa cikin minti 10, sai miligiram 1 a minti na awa 6, sai rabin haka na awa 18. Inda suka fi mu, a ganina, suna da jakar da ake haɗowa tun daga kamfani mai suna Nexterone, wadda babu waɗancan sinadaran narkarwa a cikinta, nas ta rataya kawai. Da ƙarfe ukun dare, ido ya yi nauyi, duk abin da zai rage lissafi alheri ne. Filekenayid ɗin da nake mata alfahari da ita kuwa tana da nata tabon. A 1989 an dakatar da wani babban bincike a Amurka da aka ga masu shan ta bayan toshewar jijiyar zuciya sun fi mutuwa a kan waɗanda ba a ba su ba, duk da takardar isijinsu ta yi kyau. Tun daga nan ba a ba wanda zuciyarsa ke da tabo.

Saura guda, kuma ita ta fi hana ni barci game da Baba. Idan karkarwar ɗakunan sama ce ke damunsa, jini yana kwanciya a wani lungu na ɗakin hagu ya yi guda. Muddin ta wuce kwana biyu, ranar da aka dawo da bugun daidai ɗakin ya matse da kyau, gudan na iya ɓallewa ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Don haka a nan ba a gaggawar gyarawa sai in rai ne ke hannun Allah. Ko dai a ba da maganin tsinka jini na aƙalla sati uku tukuna, ko a zura na'urar hoto ta maƙogwaro a leƙa a tabbatar babu guda. Ka ga ko da allurar tana cikin aljihunka, kuma ta yi aikinta yadda ake so, tana iya jawo abin da ya fi ciwon.

Abin da zan aiko shi ne injin awon jini na dantse, irin mai nuna alama idan bugu ba ya tafiya daidai, da wata 'yar na'ura da ake ɗora yatsu a kai na daƙiƙa 30 ta zana isiji a waya. Ba ta kai ta asibiti mai waya goma ba, amma in abin ya motsa da dare za ta kama shi, likitansa ya samu abin dubawa. Kai kuma don Allah ka ɗauko mini hoton takardar isijin ranar, da sunan duk ƙwayar da yake sha har adadin da ke jikin kwali, da sakamakon fotasiyam da na ƙoda in an yi. Ka tambayi likitan sunan ciwon ya rubuta maka a takarda, ka kuma tambaye shi ko Baba yana bukatar maganin tsinka jini. In ya ji ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri na neman kayar da shi, kada a jira gari ya waye.

Ranar Asabar ba ni da aiki, zan kira bayan la'asar ɗinku, ka sa wayar a kunnen Baba in ji muryarsa. A gaida Inna da su Yaya babba da yara.

Ƙanwarka.