Amok ko lok lak: wanne mai ƙaramin guzuri zai riƙe a Phnom Penh?

Ɗan'uwa, ka ce za ka yi 'yan makonni a Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, guzurin ba yawa, kuma duk wanda ka tambaya sai ya ambaci amok da lok lak. Kana neman wanda ya fi riƙe ciki, wanda ya fi araha, da wanda Musulmi zai ci hankalinsa kwance. A ganina ka mai da lok lak abincin yau da gobe, amma a shagon Musulmi kawai. Amok ka bar shi na marmari.

Lok lak naman shanu ne da ake yankawa ƙanana, a jiƙa shi da baƙin romon waken suya da tafarnuwa da ɗan sukari, a soya sama-sama a wuta mai ƙarfi. Sai a zuba shi kan latas da tumatir da albasa, ga farar shinkafa a gefe, sau da yawa har da soyayyen ƙwai a kai. Daɗinsa yana cikin ɗan ƙaramin kwanon da ake haɗo maka: gishiri da dakakken masoro, ka matse lemon tsami da kanka, ka riƙa dangwala naman. Idan ka yi sa'a masoron na lardin Kampot ne, wanda ya yi sunan da har Tarayyar Turai ta yi masa rajistar kariya a 2016, za ka ji ƙamshin tun kafin ka kai baki. 'Yan Biyetnam ma suna da irin lok lak ɗin, kuma wa ya koya wa wani, wannan gardama ce da ba ta ƙarewa.

Amok kuwa kifi ne. Ana kirɓa wani haɗi da suke kira kroeung, wato ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake sa wa shayi, da kurkur, da tafarnuwa, da wani ɗan'uwan citta, da ganye ko ɓawon wani irin lemon tsami. A dama da madarar kwakwa, a zuba kifin, a naɗe ganyen ayaba kamar ƙoƙo, a turara. Kifin na ruwan daɗi ne, irin su tarwaɗa, kuma ƙasar ba ta rasa shi, don tafkin Tonle Sap shi ne mafi girma a kudu maso gabashin Asiya. Ba shi da yaji sosai, ɗan zaƙi-zaƙi ma gare shi. Mai son barkono zai ji kamar an rage wani abu.

Inda suka rabu ke nan. Lok lak minti kaɗan ne a kasko, don haka ƙaramin shago ma yana iya yinsa da kyau. Amok na gaskiya yana cin lokaci, kuma wurare da yawa, musamman masu jiran 'yan yawon buɗe ido a bakin kogi wajen Sisowath Quay, ba sa turarawa. Miyar kifi da kwakwa kawai suke dafawa a tukunya, su juye a ganye ko a ƙoƙon kwakwa, su caje ka kuɗin amok. Gane shi ba wuya: sa cokali. Na kirki yana tsayawa da laushi kamar alala mai taushi, cokali ya yanka ya bar gurbi. Idan ya malale, miya ka saya. Ga shi kuma ba ya da yawa. Namiji mai yini a kasuwa sai ya ƙara shinkafa, alhali farantin lok lak da ƙwai zai kai shi magariba.

Maganar halal kuwa ta juya lissafin. Yawancin mutanen ƙasar mabiya addinin Buddha ne, naman alade kuma ko'ina yake. Karin kumallon da aka fi sayarwa a titi, bai sach chrouk, shinkafa ce da alade, romon taliyar kuy teav ma galibi da ƙashinsa ake dafawa. A shagon da ba ka sani ba, lok lak yana da tambayoyi: wa ya yanka, me aka soya a kaskon kafin naka, an ɗiga giyar girki a jiƙon ko a'a. Amok ya fi sauƙi, tunda kifi ne kuma turara shi ake yi a ganyensa. Riƙe kalmomi uku: "trey" kifi, "sach ko" naman shanu, "sach chrouk" naman alade, shi ne abin gudu.

Sauƙin da Allah ya kawo shi ne Musulmin ƙabilar Cham, waɗanda tun da can aka san su da kamun kifi da fawa. Inda na fi son ci wani ɗan shago ne na iyalin Cham kusa da masallacin Al-Serkal, a unguwar Boeung Kak. Kujerun roba ne, fanka na kaɗawa, ga butar shayi a kan tebur ba a caji, uwar gidan da ɗankwalinta tana tsaye kan kasko kana ganin abin da take zubawa. Akwai irinsa da dama a nan, da kuma unguwannin Cham da ke kan babbar hanya ta 5 a arewacin birnin. A irin waɗannan wuraren daloli kaɗan sun ishe ka ka ƙoshi, a bakin kogi kuwa faranti ɗaya sai ya ci kuɗin biyu.

Idan za ka ci amok a ƙaramin shago, tambaya tun da safe ko sun yi na ranar, don ba kullum ake samu ba. Kuma ka tanadi canji: dala da riyel, kuɗin ƙasar, duka suna tafiya, dala 1 wajen riyel 4,000, amma takardar dala mai ɗan yagewa ba kowa zai karɓa ba.