Shagon haya da turin fina-finai a Yelwa, Garwa: sababbin kaya sun iso

Shagon nan na unguwar Yelwa, a Garwa ta Kamaru, sunansa dai shagon hayar faifai, amma yawancin cinikinsa yanzu turi ne: kwamfuta biyu, manyan ma'ajiyan fayil na kwamfuta (hard disk), da talabijin ɗaya ta gwaji. Wannan talabijin ita ta fifita shi a kan maƙwabtansa, domin ba a miƙa maka kaya sai an kunna ka gani.

Sababbin kayan kashi uku ne. Akwai shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango, irin waɗanda ake sakewa mako-mako a YouTube da tashar Arewa24, kuma sabon kashi yakan shigo washegarin fitowarsa. Akwai fassarar Indiya, wadda ita ta fi tafiya. Sai na Amurka da na Turkiyya da muryar Faransanci. A nan a kula da rubutun da ke jikin sunan fayil: VF na nufin maganar ma da Faransanci take, VOSTFR kuwa muryar asali ce da rubutu a ƙasa. Wanda zai kai wa iyali gida, VF zai nema. Fim guda sefa 100 ne, kuma suna ragi idan za a ɗauki zango sukutum.

Inda aka fi samun rigima shi ne nau'in fayil. Sababbin na Amurka galibi MKV ne da aka matse da x265. Ba su cin wuri, amma tsohuwar dikoda ko DVD mai ramin filas ba ta karanta su: ko allo ya yi baƙi ana jin magana, ko ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Wani lokaci hoton ne zai fito ba murya, saboda sautin AC3 ne. A wayar Android, manhajar kunna bidiyo ta VLC na warware mafi yawan wannan. Na talabijin kuwa, a ce a ba da MP4 na x264. Yaran shagon suna iya juya fayil, sai dai sai ka faɗa, ba sa tambaya.

Kashi ɗaya na awa guda a ingancin hoto na 480p bai cika wuce megabayit 300 ba, ya wadatar a waya. A babbar talabijin dishi-dishi yake yi, gara 720p ko da ya ninka wuri. Filas mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya haura 4GB komai sararin da ya rage, ba laifin mai turi ba ne. Haka memorin jabu da ke nuna 64GB alhali cikinsa bai kai haka ba: zai karɓi komai, a je gida a tarar rabin fina-finan ba sa buɗewa. Saboda haka a gwada fim na ƙarshe da aka tura, ba na farko ba.

Abin da ba mu yaba ba: kwamfutar gaba tana ɗauke da ƙwayar cutar kwamfutar nan (virus) mai mayar da folda shotkat. Fayilolin ba su goge ba, ɓoye su take yi, amma kada a danna shotkat ɗin a kwamfutar gida. Sannan wasu "sababbin" na Indiya da kyamara aka ɗauko su daga allon silima, har tarin 'yan kallo ana ji, kuma kuɗinsu ɗaya da masu kyau.

Ɓangaren faifai ya ja baya. Faifan DVD 4.7GB yake ɗauka, idan aka cusa masa fim takwas dole hoto ya farfashe. Na haya da yawa sun karce, ana kuma ajiye jingina. A goge faifan daga tsakiya zuwa baki da ƙyalle mai laushi, ba kewayawa ba. Da hantsi aka fi samun sarari. Bayan Magariba layi ne, idan wuta ta ɗauke ana cikin turi kuma sai an sake daga farko.