Katin zinariya na ƙaramin kamfanin jirgi: saƙo daga Atina zuwa Kusiri

Yaya, ina gaisuwa. A gaida Hajiya da yara da duk mutanen gida. Ka tambaye ni yadda nake zuwa da kaya haka alhali kuɗin awo na cinye ribar 'yan uwanmu masu zuwa Dubai da Istanbul. Ga bayanin.

Kamfanonin jiragen sama suna da rajista kyauta. Ka ba da suna, su ba ka lamba, duk tafiyar da ka yi a rubuta maka maki. Idan makin shekara ya kai, sai a ɗaga ka zuwa katin azurfa, daga nan zinariya. Gyara ce irin wadda mai hatsi ke yi wa wanda ya saba saye a wurinsa, sai dai nan ba a duba fuska ko sanayya, lamba kawai ake dubawa.

Ni nawa katin na Aegean ne, kamfanin nan Girka. Ƙarami ne idan aka kwatanta shi da Lufthansa ko Turkish Airlines, ko Njamena, inda muke sauka in za mu Kusiri, ba ya zuwa. Amma tun 2010 yana cikin ƙawancen kamfanonin jiragen sama mai suna Star Alliance, inda EgyptAir ta shiga a 2008, Ethiopian kuma a 2011. Makin tafiya a jiragen ƙawancen ana iya tara shi a lamba ɗaya, kuma wanda ya kai zinariya a ɗaya, sauran ma suna karɓar sa a matsayin mai zinariya. Wannan shi ne abin da mutanenmu ba su lura da shi ba, sai su yi ta rarraba tafiyarsu, yau lambar wannan kamfani, gobe ta wancan, a ƙarshe ba su kai ko'ina ba.

Abin da ya fi min amfani shi ne kaya. Mai zinariya ana ƙara masa jaka ɗaya, ko kilo 20 inda ake lissafi da nauyi. Ka san yadda tsarabarmu take: turare, takalman yara, maganin ciwon gwiwar Hajiya, ga saƙon maƙwabta da ba ka isa ka ce a'a ba. Jakunkunan kuma ana liƙa musu alama su fito da wuri, ina fita filin jirgin Hassan Djamous na Njamena in kama hanyar gadar Ngeli da ke tsallakawa Kusiri tun rana ba ta faɗi ba. A Addis Ababa, maimakon zaman kujerar ƙarfe, akwai falon hutawa: abinci, shayi, intanet, wurin cajin waya. Har mutum ɗaya kana iya shiga da shi idan jirginku ɗaya. Na taɓa shiga da wani dattijo ɗan Abeche da ke dawowa daga asibiti, ƙafarsa a kumbure, ya samu ya miƙe ta ya ɗan runtsa.

Kada dai ka ɗauka banza ce. Katin yana ƙarewa, sai ka sake tara maki kafin a sabunta. Wasu tikitoci masu arha ba sa ba da maki sosai, wasu kamfanonin ma ba sa ƙara jaka a kansu, don haka a tambaya kafin a biya. Kuma jirgin cikin gida na Kamaru zuwa Garwa ko Marwa ba ruwansa da shi.

Mai tafiya sau ɗaya a shekara bai kamata ya sayi tikiti mai tsada don kati ba. Amma Alhaji da ke jigilar kaya ta Alƙahira da Addis, ka ce masa ya zaɓi lamba ɗaya, ta EgyptAir ko ShebaMiles ta Ethiopian, ya riƙa ba da ita duk lokacin da zai yanki tikiti. Idan ya turo min hoton fasfonsa zan yi masa rajistar daga nan.